Saƙon Farko Daga Mahaifa: Yadda Jini Yake Bayyana Shigar Ciki

Kafin mace ta fara laulayi, kafin ma ta tabbatar da ɓatan wata, jininta ya riga ya ɗauki labarin cewa ciki ya shiga, domin ɗan tayin da bai kai ƙwayar gero ba yana soma zuba wasu sinadarai cikin jikin uwa tun daga ranar da ya maƙale a bangon mahaifa. A kan waɗannan sinadarai aka gina dukkan gwajin ciki na zamani, tun daga tsinken da ake saya a kemis har zuwa manyan na'urorin ɗakin gwaje-gwaje na asibitin koyarwa. A unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna, daga Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Malali zuwa Tudun Wada da Rigasa, tsinken gwajin ciki ya zama haja ta yau da kullum, ana jera shi kusa da maganin ciwon kai, amma sanin abin da yake aunawa da iyakar abin da zai iya faɗa bai bazu kamar yadda shi kansa ya bazu ba, kuma a cikin wannan giɓi ne mata da yawa suke rasa lafiya, wasu har da rai.

Kalmomi biyu suna buƙatar bayani tun da farko. Homon sinadari ne da wani sashe na jiki yake haɗawa ya zuba shi cikin jini, jinin kuma ya kai shi wani sashe dabam inda zai ba da umarni, wato ɗan aike ne tsakanin gaɓoɓi, kamar yadda insulin yake tashi daga wata gaɓa da ke bayan tumbi ya je ya daidaita sukari a duk jiki. Furotin kuwa babban sinadari ne da aka gina daga jerin ƙananan tubala masu suna amino asid, kuma da shi ake gina tsoka da garkuwar jiki da wasu daga cikin homon ɗin kansu. Idan likitoci suka kira wani sinadari alamar ciki, suna nufin cewa babu shi a jinin macen da ba ta da juna biyu, ko kuma yana nan amma kaɗan ƙwarai, sannan yana bayyana da wuri bayan shigar ciki, yana kuma da sauƙin aunawa. Sinadarai da dama sun cika ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan sharuɗɗa, sai dai wanda ya cika su duka shi ne homon ɗin da ake taƙaita sunansa da haruffan hCG.

Asalinsa yana komawa ga makon farko na rayuwar ɗan tayi. Bayan ƙwan mace ya fito daga ma'ajiyarsa, a cikin bututun da ya haɗa ma'ajiyar da mahaifa yake gamuwa da maniyyi, daga nan kuma ya yi kwana uku zuwa huɗu yana gangarowa yana rarrabuwa, har ya dasu a bangon mahaifa tsakanin kwana 6 zuwa 12 bayan fitowarsa. Ƙwayoyin da suke kewaye da ɗan tayin daga waje, waɗanda su ne daga baya za su zama mabiyiya, su suke haɗa hCG. Aikinsa shi ne ya umarci wata 'yar jaka mai launin rawaya da ta rage a ma'ajiyar ƙwai bayan fitar ƙwan da ta ci gaba da samar da homon ɗin furojestaron, wanda shi yake riƙe shimfiɗar mahaifa kada ta zube. Da babu wannan umarni, jakar za ta shanye cikin kimanin mako biyu, shimfiɗar ta zube a matsayin jinin al'ada, ɗan tayin ya bi ta. Ke nan ɓatan watan da mata suka dogara da shi tun zamanin kakanni sakamako ne na aikin wannan homon, kuma haka za a ci gaba har zuwa wajen mako na 7 zuwa na 9, lokacin da mabiyiya take karɓar aikin samar da furojestaron da kanta.

Ana iya samun hCG a jini wajen kwana 8 zuwa 11 bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, wato kafin ranar da ake sa ran al'ada, kuma a makonnin farko adadinsa yana ninkuwa kusan duk bayan kwana biyu ko uku, har ya kai ƙololuwa tsakanin mako na 8 da na 11, sannan ya sauko ya zauna a wani matsakaicin mataki har haihuwa. Ɗakunan gwaje-gwaje suna rubuta shi da ma'aunin IU/L ko mIU/ml, waɗanda adadinsu ɗaya ne: ƙasa da 5 ana ɗaukarsa babu ciki, sama da 25 akwai ciki, abin da ya faɗo tsakaninsu kuwa sai an maimaita bayan kwana biyu. Ya kamata a lura cewa likitoci suna ƙirga makonnin ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, don haka macen da yau ta yi ɓatan wata ana rubuta mata mako huɗu, alhali ɗan tayin bai wuce mako biyu ba, kuma rashin sanin wannan lissafi ya sha jefa shakku marar tushe tsakanin ma'aurata, musamman sababbin aure.

Hanyar da aka bi kafin a kai ga tsinken yau doguwa ce. Wani rubutun likitancin Masar ta dā, na wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana yadda ake zuba fitsarin mace a kan irin alkama da sha'ir a ga ko za su tsiro, abin da ke nuna cewa tun a wancan zamani mutane sun fahimci fitsarin mai ciki yana ɗauke da wani abu na daban. A 1927 ne likitoci biyu a birnin Balin na Jamus, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka nuna cewa idan aka yi wa ƙananan ɓeraye mata allurar fitsarin mai ciki, ma'ajiyar ƙwansu tana kumbura ta balaga kafin lokaci, sai dai gwajin yana cin kusan kwana biyar kuma dole a yanka ɓerayen a duba. Daga baya Maurice Friedman ya yi amfani da zomaye a Amurka, a shekarun 1930 kuma binciken Lancelot Hogben da wasu masana a Afirka ta Kudu ya kai ga amfani da wani kwaɗon Afirka wanda macensa take zuba ƙwai cikin sa'o'i bayan allurar, ba tare da an kashe ta ba, har aka riƙa fitar da wannan kwaɗo zuwa asibitocin duniya shekaru da dama. A 1960 Leif Wide da Carl Gemzell a ƙasar Suwidin suka raba gwajin ciki da dabbobi masu rai ta hanyar amfani da sinadaran garkuwar jiki, amma aka rage da matsala guda, ita ce hCG yana kama da wasu homon uku na jiki, musamman wanda yake sa ƙwai ya fito. Dalilin kamar shi ne hCG sarƙa biyu ce a haɗe, ta farko mai suna alfa tana da amino asid 92 kuma iri ɗaya ce da ta waɗancan homon, ta biyu mai suna beta tana da 145 kuma ita ce ta bambanta shi. A 1972 Judith Vaitukaitis da Glenn Braunstein da Griff Ross, a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, suka samar da gwajin da yake gane sarƙar beta, wannan ne ya sa har gobe takardar likita take ɗauke da sunan beta-hCG. Gwajin gida ya shiga kasuwa a shekarun 1970, tsinke mai mataki ɗaya irin wanda aka sani yanzu kuma ya fito a Ingila a 1988.

Yadda tsinken yake aiki ba shi da wuyar fahimta. An shafa masa sinadaran garkuwa waɗanda aka tsara su kama hCG kaɗai, an kuma haɗa su da ƙwayoyin launi. Idan fitsari ya hau takardar ya ɗauko hCG, sai ya manne da waɗannan ƙwayoyi, ya je ya taru a layin farko ya ba da launi, layi na biyu kuwa shaida ce kawai ta cewa ruwan ya ratsa tsinken kuma sinadaransa suna da rai. Saboda haka tsinken da bai nuna ko layi ɗaya ba, ko ya nuna na gwaji ba tare da na shaida ba, ya lalace, ba a gina komai a kansa. Yawancin tsinkayen da ke kasuwa suna fara gani ne idan adadin ya kai 20 zuwa 25, shi ya sa ake so a yi gwajin da fitsarin farko na asuba wanda bai tsinke ba, kuma a bari sai ranar al'ada ta wuce. Mafi yawan kuskuren da ake samu daga gaggawa yake fitowa: mace ta gwada kwana uku kafin lokaci, ta ga layi ɗaya, ta saki jiki ta ci gaba da shan magunguna, alhali cikin yana nan. Akwai kuma kuskuren barin tsinke ya daɗe kafin a karanta shi, inda bushewar fitsari take barin wani dishi-dishin layi marar launi da ake zaton sakamako ne, da kuma batun ajiya, domin yawancin kamfanoni suna gindaya kada zafi ya wuce digiri 30, alhali shagon kwano a Kaduna cikin watan Maris da Afrilu yana zarce wannan nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen gishiri da sukari da man goge baki da ake yaɗawa a Facebook da TikTok kuwa ba su da wani tushe, domin babu ɗayansu da yake gane hCG, haɗa fitsari da ruwan bilic kuma yana tayar da hayaƙi mai cutar da huhu.

Tambaya ɗaya tak tsinke yake amsawa, ita ce ko akwai hCG a fitsari. Ba ya faɗin inda cikin ya zauna, ko yana da rai, ko ma ɗan tayi ne yake fitar da homon ɗin, kuma a nan ne gwajin jini mai bayar da adadi yake da muhimmancin da ba a ba shi ba. Adadi guda ɗaya ma bai cika wadatarwa ba, domin mata biyu masu lafiyayyen ciki na mako biyar suna iya samun adadin da ya ninka juna sau goma. Abin da likita yake nema shi ne tafiyar adadin tsakanin gwaji biyu da aka yi da tazarar sa'o'i 48, zai fi kyau kuma a yi su a ɗakin gwaji ɗaya, tun da na'urori sun bambanta. Adadin da ya kusa ninkuwa yana nuni ga cikin da yake girma daidai, wanda yake faɗuwa da sauri yana nuni ga ɓari, wanda kuwa yake jan ƙafa, bai hau sosai ba bai kuma sauka ba, shi ne yake tayar wa likita hankali.

Abin da ake tsoro shi ne cikin wajen mahaifa, wanda yake faruwa a ciki ɗaya ko biyu cikin kowane ɗari, inda ɗan tayin yake maƙalewa a bututu, galibi saboda tabon da ciwon sanyin mara ko tsohuwar tiyata ya bari. Irin wannan ciki yana fitar da hCG, tsinke yana nuna layi biyu, mace tana iya yin laulayi kamar kowa, amma bututun ba ya buɗewa kamar mahaifa, kuma sau da yawa tsakanin mako na 6 da na 10 yakan fashe, jini ya zuba cikin ciki inda ido ba ya gani. Alamominsa su ne ciwon mara a gefe ɗaya, ɗigon jini mai duhu, jiri ko suma, wani lokaci da ciwo a saman kafaɗa, kuma sau tari ana ɗaukarsu taifot ko gyambon ciki ko ciwon mara na al'ada, a yi ta ƙarin ruwa a gida har lokaci ya ƙure. Ƙa'idar da likitocin mata suke bi ita ce idan hCG ya kai tsakanin 1,500 da 3,500 ya kamata hoton sikanin da ake ɗauka ta farji ya nuna jakar ciki a cikin mahaifa, idan kuwa mahaifa ta fito wayam a irin wannan adadi, to sai a nemi cikin a wani wuri. Wanda aka gano da wuri ana iya narkar da shi da allurar methotrexate ba tare da tiyata ba, a ci gaba da auna homon ɗin har ya ɓace, wanda ya fashe kuwa sai tiyatar gaggawa da ƙarin jini. Wannan aiki ne na asibitin da yake da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na Jami'ar Jihar Kaduna, wanda yake ɗauke da sunan likitan farko daga Arewacin Najeriya, da Asibitin Tunawa da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Babban Asibitin Kawo, da Asibitin Sojoji na 44, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Da za a mayar da shi doka a kowane ƙaramin asibiti da kowane kemis cewa duk macen da take cikin shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara ko zubar jini sai an yi mata gwajin ciki kafin a ba ta magani, ba tare da la'akari da abin da ta faɗa game da al'adarta ba, da an ceci rayuka da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma yanayin da adadin yake wuce ƙima. A wani nau'in ciki da ya lalace tun daga haɗuwar ƙwai, mabiyiya tana girma ta zama tarin ƙulle-ƙullen ruwa masu kama da 'ya'yan inabi, galibi babu jariri, hCG kuma yakan haura 100,000, tare da amai mai tsanani da zubar jini da cikin da ya fi watanninsa girma. Abin mamaki shi ne yawan homon ɗin yana iya cika sinadaran tsinke har layin ya kasa fitowa, mace ta ga sakamakon babu ciki alhali jininta cike yake da shi, sai an tsinka samfurin a ɗakin gwaji gaskiya ta fito. Wankin mahaifa ba shi ne ƙarshen magani ba, domin kusan kashi 15 cikin 100 na cikakken nau'in wannan ciki suna ci gaba da girma ko su rikiɗe su zama kansa, kuma hanyar gane haka ita ce bin adadin hCG mako bayan mako har ya koma sifili, tare da jinkirta ɗaukar sabon ciki a tsawon wannan lokaci don kada ya rikita lissafi. Macen da ta daina zuwa saboda ta ji sauƙi ta yi watsi da babbar dama, domin wannan kansa tana cikin waɗanda suka fi jin magani: ita ce kansa mai yaɗuwa ta farko da aka warkar da magani kaɗai, a aikin Min Chiu Li da Roy Hertz a Amurka a 1956.

Kaifin gwajin ya kuma tono wani abu da a dā yake ɓoye. Wani bincike da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka wallafa a 1988, bayan sun auna fitsarin mata 221 kullum, ya nuna cewa kashi 22 cikin 100 na cikin da suka gano sun zube tun kafin a san da su a asibiti. Wannan shi ne bayanin macen da ta ga layi biyu ranar Litinin sannan jini ya zo mata ranar Juma'a kamar al'ada: tsinken bai yi ƙarya ba, cikin ne bai zauna ba, kuma mafi yawan irin wannan ɓari daga tangarɗar halittar ɗan tayin yake, ba daga aikin gida ko wani laifin uwa ba. Bayan ɓari ko haihuwa homon ɗin yana iya ɗaukar makonni kafin ya bar jini, haka nan matan da ake yi wa allurar hCG wajen neman haihuwa suna iya ganin layi biyu na ƙarya har kwana 10 zuwa 14, kuma wasu matan da suka kai shekarun ɗaukewar al'ada suna da ɗan adadi kaɗan wanda ba na ciki ba.

Wannan ya kawo maganar kwantaccen ciki, wadda ta daɗe a bakin mata a ƙasar Hausa, littattafan fiƙihun Malikiyya kuma suka tattauna tsawon lokacin ciki a babin idda da nasaba, hukuncin da yake hannun malamai da alƙalai. Ta fuskar lafiya dai, macen da aka ce cikinta ya kwanta tana iya kasancewa ɗauke da ɗan tayin da ya rasu bai fita ba, ko ƙarin mahaifa, ko rikicewar homon da ta tsayar da al'ada, ko ma irin cikin inabin da aka ambata, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da magani idan an gano shi. Gwajin jini da sikanin suna rarrabe su cikin yini ɗaya, don haka zaman jiran ciki ya tashi wata da watanni ba tare da an duba ba ganganci ne da lafiyar mace.

Sauran alamomin jini ba su kai hCG ba wajen tabbatar da shigar ciki, amma suna faɗin wasu abubuwan. Furojestaron yana hawa bayan fitar ƙwai ko da ciki ko babu, don haka ba ya tabbatar da ciki, sai dai yana taimakawa wajen sanin ƙarfinsa: adadin da ya yi ƙasa da 5 a ma'aunin ng/ml yana nuna da wuya cikin ya rayu, wanda ya haura 20 zuwa 25 kuma alama ce mai kyau. Furotin ɗin PAPP-A, wanda mabiyiya take haɗawa, ana auna shi tsakanin mako na 11 da na 14 tare da sarƙar beta da kaurin bayan wuyan jariri a sikanin, domin ƙiyasta yiwuwar larurar Down, kuma sakamakonsa ƙiyasi ne da yake buƙatar tabbatarwa. Wanda ya fi dacewa da buƙatar Arewa shi ne PlGF, furotin ɗin da yake taimaka wa jijiyoyin mabiyiya su bunƙasa, domin ƙarancinsa yana gargaɗin hawan jinin masu ciki wanda yake kaiwa ga jijjiga, kuma wani babban gwaji da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa ba wa matan da ke cikin haɗari asfirin kaɗan tun daga farkon ciki ya rage nau'in cutar mai zuwa da wuri da kashi 62 cikin 100. Ko amai mai tsanani na laulayi an samo masa bayani a jini, inda binciken 2023 ya alaƙanta shi da homon ɗin GDF15 da yake fitowa daga mabiyiya, abin da ya kamata ya kawo ƙarshen kiran irin waɗannan mata da raki.

Masu kiwo ma suna da rabo a wannan ilimi, kuma fagen bincike ne na cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika. Saniya da tunkiya da akuya ba sa fitar da hCG, saboda haka tsinken mutane ba ya aiki a kansu. Nasu alamar wasu furotin ne na mabiyiya da ake kira PAG, waɗanda ake samu a jinin saniya daga wajen kwana 28 bayan barbara.

Amfanin sanin ciki da wuri yana rataye ne da abin da aka yi bayan an sani. Bututun da yake zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa wajen kwana 28 bayan haɗuwar ƙwai, wato mako biyu kacal bayan ɓatan wata, shi ya sa ake so mace ta riƙa shan folik asid, maikurogiram 400 a kullum, tun kafin ciki da kuma farkonsa. A waɗannan makonni ne kuma wasu magungunan farfaɗiya da na hawan jini da na tsinka jini suke yi wa jariri illa, mai ciwon sukari ko sikila kuma take buƙatar a sake tsara mata kulawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar ganawa takwas da ma'aikatan lafiya, ta farko cikin mako 12 na farko, amma Binciken Alƙaluman Jama'a da Lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 18 cikin 100 na mata ne kawai suka fara awo a watanni ukun farko, a ƙasar da binciken ya ƙiyasta mata 512 suna rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Wani ɓangare na wannan jinkiri daga kunya yake, musamman a cikin fari, da kuma al'adar ɓoye ƙaramin ciki saboda tsoron baki, da tunanin cewa ba a zuwa awo sai ciki ya fito. Kunya ɗabi'a ce mai kyau, kuma babu mai cewa a yi shela a unguwa, amma ɓoye wa maƙwabta daban, ɓoye wa ma'aikaciyar lafiya daban, tun da ita sirri yana cikin amanar aikinta.

Nauyi bai tsaya kan mata ba. Hukumar NAFDAC da Majalisar Kula da Kimiyyar Gwaje-gwajen Asibiti ta Najeriya su ke da alhakin tabbatar da ingancin kayan gwaji da ɗakunan da ake yin sa, kuma sa ido a kan tsinkayen da suka daɗe ko suka sha zafi a shaguna yana cikin wannan alhaki. Jihar Kaduna, wadda ta ɗauki manufar samar da cibiyar lafiya matakin farko a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓunta 255, ya kamata ta tabbatar kowace cibiya tana da tsinke mai inganci, da ma'aikaciyar da ta san lokacin da za ta tura mace gaba, da kuma sanannen wurin da za a auna adadin hCG a samu sakamako a ranar. Magidanta kuwa su ne suke ba da izini da kuɗin mota, don haka su ne suka fi kowa buƙatar sanin cewa layi biyu tare da ciwon mara a gefe ɗaya, ko ɗigon jini, ko jiri, ba abin da ake bari ya kwana ba ne. Duk maigidan da ya ga haka ga iyalinsa ya kai ta asibitin da ke da sikanin da ɗakin tiyata a wannan rana, ko da tsakar dare ne.